Kwalba Uku a Gidan Surukai

Shekarar da ƙanena ya ce zai yi aure, ni ne babban masanin giya na duk garin Greenbelt da ke Amurka. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Ina da firji na biyu a ɗakin da matata ta so ta gyara wa baƙi, cike da kwalaben da ba a sha, sai dai a buɗe ƙofa a gaishe su a rufe. Ina iya cusa hanci a kofi, in lumshe ido, in ce ina jin ƙamshin cakulan da na itacen da aka yi gangar da shi. Ni fa, da na girma a bayan tukunyar burukutun kakata a wani ƙauye kusa da Pankshin, inda duk bayanin da ake yi wa giya bai wuce ta yi ko ba ta yi ba.

Shekara goma sha huɗu na ba ƙanen nan nawa. Yana aji uku a firamare mahaifinmu ya rasu, daga ranar ni ne uba. Ni na je makarantarsu da aka kore shi, ni na zauna da shi a asibitin Jos da ya karya hannu, ni na cike takardun da suka kawo shi Amurka har ya zama nas. A gaban mutane Yaya yake ce min, amma in ya shiga uku sai ya ce Baba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma na yi shekaru ina jiran ranar da zan zauna a kujerar mahaifinmu in nema masa aure. Har jawabin da zan yi na sha gwadawa a mota ni kaɗai.

Ciwon giyar kuwa a ofis na kamu da shi. Ina aiki a ɗaya daga cikin manyan gine-ginen gwamnati da ke kudu maso yammacin Washington, inda teburina ke kusa da na wani Bature mai gemu. Shi ya fara gaya min cewa akwai ƙananan gidajen yin giya da ke fitar da wata iri sau ɗaya a shekara, kwalabe kaɗan, in ta ƙare ta ƙare. Wata Asabar ya ja ni. Na tarar da manya da gemunsu, masu digiri da 'ya'ya, sun yi layi cikin sanyi tun da sassafe da kujerunsu na ninkewa, don a sayar wa kowa kwalba biyu. Na yi musu dariya sosai. Asabar ta gaba na sayi tawa kujerar.

Abin da ban sani ba shi ne, shan giyar ba shi ne sana'ar ba. Sana'ar ita ce musaya. Wanda ya samu ta Maryland yana neman ta Virginia, wanda ya samu ta bana yana neman ta bara, sai a haɗu a filin ajiye motoci a buɗe but ɗin mota, kowa ya fito da nasa. Kwalaben kuma ba girmansu ɗaya ba. Akwai babba, akwai wadda take rabin babbar daidai, akwai ta tsakiya, ga kuma gwangwani. A nan rigimar take.

Musayata ta farko na je da babbar kwalba, mutumin ya miƙo min 'yar ƙarama wadda aka liƙe bakinta da jan kaki irin na kyandir. Na tsaya ina jiran ta biyu. Da na ga ya fara rufe but, sai na ce masa a kasuwarmu ba a ba da mudu a karɓi rabin mudu, ko da gero ne da acca. Ya dube ni da tausayi irin na malamin da aka kawo wa ɗalibi mai nauyin kai, ya zaunar da ni a kan karatu. Ya ce masu musaya kashi uku ne. Akwai masu auna yawan ruwan da ke ciki, waɗannan sababbin shiga ne. Akwai masu duba abin da kowa ya biya a kanti, waɗannan suna da kirki amma ba su waye ba. Sannan akwai masu hankali, waɗanda suka san darajar kwalba tana ga wahalar samunta. Tasa, in ji shi, ta kwana biyu a gangar wuski, kuma duk duniya ba su fi a ƙirga ba. Tawa kuwa duk wanda ya tashi da wuri zai samu.

Na kusa tafiya da kwalbata. Abin da ya karya min zuciya shi ne, da muka gama sai ya ɗauko gwangwani ɗaya ya ɗora min a kai, ya ce wannan kyauta ce, haka ake yi. Gyara ke nan. Na zo ƙasar da ko barkono ɗaya ba a ƙara maka a kanti, sai ga mutanen da suka san gyara. Na ce lallai waɗannan 'yan uwana ne.

Cikin shekara biyu na zama mai zaunar da wasu a kan karatu. In sabon shiga ya ce min kwalbarsa ta fi tawa girma, sai in yi murmushin nan na tausayi, wanda na koya har na fi mai shi iyawa. Matata, wadda ita ma nas ce, takan tsaya a ƙofar ɗakin firji da kayan aiki a jikinta ta ce, "Sannu da kiwo. Sun ci abinci?"

Ana cikin haka ƙanena ya zo da maganar yarinyar. Mai haɗa magunguna ce a asibitinsu, 'yar Kudancin Kaduna, iyayenta suna garin Clinton. Yarinya mai hankali, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ci tuwon matata ta nemi ƙari. Iyayenta suka aiko da takardar kayan gaisuwa: goro, gishiri, manja, zannuwan uwa, abin da za a bayar a madadin akuya tunda ba a jan akuya a kan Beltway, babbar hanyar da ta zagaye Washington. A can ƙasa aka rubuta kalma ɗaya, giya. Ba adadi, ba iri.

Na ce wa ƙanena, "Ka ji da sauran. Giya ka bar min."

Ya ce, "To, Yaya." Har ya ji daɗi. Duk garin an san wa ke da firji biyu.

Na ƙudura a raina cewa surukan ƙanena ba za su sha abin da ake sha a wurin kallon ƙwallo ba. Za su sha abin da ko a ofishin jakadanci ba a taɓa buɗewa ba. Na san wani mutum a Virginia da ke da baƙar giyar nan mai jan kaki, wadda aka rubuta wa kowace kwalba lambarta da hannu. Mako biyu muna ciniki ta waya. Na ce manya huɗu, ya ce ina wasa. Na ce biyar, ya ce biyu daga ciki ai bara ma an ga irinsu a kanti. Na tuna masa cewa kowace tawa ta ninka tasa, sai ya yi shiru, irin shirun da ni kaina nake yi wa sababbin shiga, har na ji kunyar bakina. Muka tsaya a manya bakwai, shi ya ba ni ƙanana uku. Muka haɗu da hantsi a filin motoci na tashar jirgin ƙasa ta Greenbelt. Na ɗora masa gwangwani biyu gyara, don kada a ce Bafilatani ko Bahaushe ko ɗan Filato bai san ya kamata ba. Na dawo gida ina ji kamar na sayi fili a Abuja.

Matata ta dubi kwalaben a kan tebur ta ce, "Ina sauran?"

Na ce, "Ke ba za ki gane ba."

Ta ce, "Haka ne. Amma can ɗin da za ku, mutane irina ne suka cika gidan. Ka sayi kiret ko biyar ne ka ɗora waɗannan a kai."

Na ce mata ɗora waɗannan a kan kiret ɗin kanti cin mutuncinsu ne. Kwalaben nake nufi, ba surukan ba. Na faɗi wannan da bakina, a cikin ɗakin girkina, ina da shekara arba'in da bakwai. Ta ɗaure ɗankwalinta ta ce Allah ya kai mu Asabar.

Ranar Asabar muka kama hanya da mota biyu. Ƙanena da abokansa biyu suna gaba da sauran kayan, ni da matata muna baya. Kafin mu tashi ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, giyar fa?" Na dafa 'yar jakar sanyi da ke kan kujerar baya na ce tana nan. Ya ɗauka sauran suna but. Bai duba ba, don bai taɓa duba abin da na ce na yi ba.

Gidan a Clinton cike yake. Motoci har kan ciyawar maƙwabta. An sauke mu a babban ɗakin da ke ƙasan gidan, an jera kujeru a zagaye, mutum wajen talatin. Duk wani ɗan garinsu da ke tsakanin Baltimore da Richmond ya zo. Akwai kawun yarinyar, wani siririn tsoho mai hula da sanda, wanda ya taso takanas daga Kafanchan. Mahaifinta kuwa mutum ne mai sanyin magana, tsohon malamin lissafi. Aka ba ni kujerar da ke fuskantarsa, kujerar uban yaro. Na zauna na gyara babbar rigata, na ji hawaye na neman zuwa, na tuna mahaifinmu.

Aka yi addu'a, aka gaisa, aka sake gaisawa. Na yi jawabina, kuma ba yabon kai ba, ya yi kyau. Kawu ya karɓi takarda yana kiran kaya ɗaya bayan ɗaya, abokan ƙanena suna ajiyewa a tsakar ɗaki. Goro, ga shi. Gishiri, ga shi. Da aka buɗe zannuwa mata suka yi guɗa. Sai ya ce, "Giya."

Na miƙe da kaina. Na buɗe jaka, na fito da su ɗaya bayan ɗaya, na jera a kan tebur, na juya su yadda kowa zai ga lambar da aka rubuta da hannu. Na koma gefe don kada in tare wa jama'a.

Wasu suka dubi matakala, suna jiran masu shigowa da kaya.

Kawu ya sunkuya ya dubi kwalaben ta saman tabarau. Ya ce, "Madalla. Na ɗanɗano ke nan. To a shigo da giyar."

Aka yi dariya, dariyar jin daɗi, don sun ɗauka wasa na shirya musu irin na masu burukutu, a ba ka ɗan kaɗan a ƙoƙo kafin ka saya. A nan ne Allah ya ba ni ƙofar fita. Da na yi dariya tare da su, na ce sauran na hanya, na tura yaran zuwa kanti, da minti ashirin ya kashe maganar. Amma ina, ai ni malami ne. Na gyara murya na fara karatu.

Na yi musu bayanin gangar wuski. Na yi bayanin layin sassafe da jan kaki. Na gaya wa dattawan Kudancin Kaduna, mutanen da iyayensu mata suka dafa giya tun kafin a san Amurka a garinsu, cewa darajar giya ba a girman kwalba take ba. Na ga matata ta sunkuyar da kai tana karanta tafin hannunta. Na ga ƙanena ya daina motsi. Duk da haka na ci gaba, har na kawo hujjar da nake ganin za ta rufe bakin kowa. Na ce, "Baba, don ku san girman da muka ba ku, manyan kwalabe bakwai na bayar kafin a ba ni waɗannan ukun."

Kawu ya cire tabarau. Ya ce, "Tsaya in fahimta, ɗana. Kana da manya bakwai."

Na ce, "Ƙwarai, Baba."

"Ka bayar. Aka ba ka ƙanana uku."

"Haka ne."

Ya juya ya dubi ƙanena, ya sake dubana. Ya ce, "Kuma kai ne babba a gidanku."

Wannan karon ba a yi dariya ba, kuma na gwammace a yi.

Mahaifin yarinyar ya ɗaga hannu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce a wurinsu giyar neman aure ba ta uban yarinya ba ce, ta duk wanda ya zo ce. Duk bakin da ya sha ya zama shaida, kuma ran da auren ya samu matsala, ko da shekara ashirin ne, wanda ya sha ba shi da ikon cewa ba ruwansa, dole ya tashi ya je ya gyara. Shi ya sa ake kawo ta da yawa, don a tara wa yaran mutane. Ya ce, "Ba mu rubuta adadi ba, domin ba mu taɓa zaton akwai wanda sai an gaya masa ba. Mu ma da laifinmu."

Sannan ya ce tunda an kawo, ba a mayar da giyar aure, kuma ba a hana kowa. Ya dubi matarsa. Ita ma nas ce, ta yi shekaru a gidan kula da tsofaffi. Ta hau sama ta dawo da dogon jerin 'yan kofunan roba da ake ba marasa lafiya magani a ciki. Ta jera su a faranti, ta sa wuƙar yanka albasa ta kankare jan kakin nan da na yi kwanaki ina lallaɓawa, ta auna wa kowa daidai layi, ba ɗigo ɗaya da ya zube. Ƙwararriya ce, ba zan hana ta haƙƙinta ba.

Aka zaga da faranti. Kowa ya ɗauki nasa da yatsa biyu. Wani daga baya ya tambaya ko kafin abinci ake sha ko bayan abinci. Wata tsohuwa ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce ai ko maganin tarin ne, Allah ya ba mu lafiya. Kawu ya shanye nasa, ya leƙa cikin kofin, ya ajiye. Ni ma na sha nawa. Shekara biyu ina mafarkin giyar nan, kuma har yau ban san ɗanɗanonta ba, don a lokacin ko ruwan wanke kwano aka ba ni haka zan ji.

Aka ci abinci, don mutanen kirki ne. Da za mu tashi mahaifin yarinyar ya ce sun ji buƙatarmu, ba su ce a'a ba. Ya ce mu je mu dawo bayan mako uku, mu zo da manyanmu. Ina zaune a gabansa da furfura a gemuna ya faɗi haka.

A hanyar dawowa cunkoso ya riƙe mu a Beltway fiye da awa ɗaya. Matata ta zuba wa hanya ido. Na yi ta jiran ta ce ai na gaya maka, don in samu abin yin faɗa a kai, ta hana ni ko wannan. Ni ne na riƙa magana, ina cewa ba su san abin da suka sha ba, in da a wurin masu musaya ne da an ɗauke ni a kafaɗa. Ta ƙara sautin rediyo kaɗan.

Kwana takwas ƙanena bai kira ni ba. Ran Lahadi bayan coci ya zo gida. Ya ƙi zama a falo, ya tsaya a ɗakin girki yana juya makullin mota a hannu. Ya ce yarinyar ta yi kuka, danginta na gida sun ji labari, har ana tambaya ko dangin mijin suna da wani babba mai hankali. Ya ce ya je wurin wani dattijo a cocinmu, mutumin Mangu, ya roƙe shi ya yi magana a zama na biyu, kuma ya yarda.

Na ce, "Mutumin da ya san ka shekara huɗu."

Ya ce, "Yaya, ba raina ka na yi ba."

Na ce, "Ni na riƙe ka a asibiti."

Ya ce, "Na sani." Sannan ya ce, "Ina son yarinyar nan, Yaya. Ba zan iya sake gwadawa ba."

Na so in yi fushi, na nemi inda zan kama na rasa. Abin ya yi min ciwo fiye da duk abin da kawu ya faɗa, domin kawu baƙo ne, wannan kuwa ni na koya masa ɗaura igiyar takalmi. Kafin ya fita ya tambaya ko zan iya kawo kayan sha a motata, tunda ta fi tasa faɗi. Na ce zan iya.

Na je babban kantin da na yi shekara biyu ina wucewa da raini, na cika mota da giyar da kowa ya sani, da lemo na masu zumuntar mata da ba sa sha. Ran Asabar ɗin na yi sawu tara a matakalar gidan Clinton, kiret a kafaɗa, babbar riga a naɗe. Kawu yana zaune yana kallona ina sauka ina hawa. A sawu na ƙarshe ya ce, "Sannu, ɗana. Ashe kana da ƙarfi."

Kujerun zagaye sun cika, sai aka samo mana biyu a kusa da matakala, ni da matata. Dattijon Mangu ya zauna a inda na zauna wancan karon. Ya yi magana gajeriya, ba ganga ba kaki, ya ce ɗansa ya ga 'yarsu yana so. Giya ta zaga, kowa da kwalbarsa a hannu, har da ta biyu. Fuskoki suka saki. Ƙanena yana zaune a ƙasa a gaban dattawa, kansa a sunkuye, na ga bayan wuyansa yana zufa.

Mahaifin yarinyar ya ce sun ba da ita. Mata suka yi guɗa har ɗakin ya ɗauka. Da aka lafa sai ya ce, bisa al'ada, uban yaro ya taso ya karɓi hannunta a madadin gidansu.

Dattijon Mangu ya dafa sandarsa ya miƙe. Ni ma ashe na riga na fara miƙewa, gwiwoyina sun riga kaina. Matata ta kama gefen rigata ta riƙe, ba ta dube ni ba. Na koma na zauna.